Tsayuwar Zalɓe

Shekara talatin da ɗaya ina durƙushe gaban tanda,
ina shafa ƙullin kisira tun kafin kiran assalatu
a bakin kasuwar riɗi ta Gadarif,
har bayana ya haddace siffar baka
ya ƙi mantawa.

Likita ya ɗaga hoton ƙashina ga fitila,
ya ce, "Inna, maganinki ba ya cikin allura.
Miƙa jiki."
Na ce, in miƙa wa wa?

Tahani ce, 'yar ɗana,
ta zo da wayarta mai tsagaggen gilashi,
ta jingina ta da randa,
ta ja gadon igiya zuwa bango,
ta kakkaɓe tabarmar da muke shanya kuɓewa.
"Kaka, wannan sunansa yoga."
Na ce, ko Tanko ne sunansa,
in dai zai sakar min ƙugu.

Cikin wayar wata mata ce kamar sillen kara.
Ɗakinta fari fat, ba murhu, ba jika, ba kaza.
Ta naɗe kamar tabarma,
ta warware kamar rawani,
tana murmushi, ka ce ƙashi bashi ne
ita kuwa ta biya nata tuntuni.

Ta ce a zama kyanwa. Na zama.
Ta ce a zama saniya. Wannan bai ba ni wuya ba.
Ta ce a taɓa yatsun ƙafa.
Na hango su can ƙasa,
dangin da muka daɗe ba mu gaisa ba,
na ɗaga musu hannu daga gwiwa.

Uwani ta leƙo ta katanga:
"Ladidi, lafiya? Ko kuɗi ne suka faɗi?"
Na ce, ƙuruciyata ce,
a nan wajen na yar da ita.

Rana ta sha biyu, bayan la'asar,
Tahani ta tafi sayen gawayi.
Matar ta ɗaga ƙafa guda, ta dafa ta a cinya,
hannuwa sama.
Na ɗaga tawa iya idon sawu.
Sai hoton ya daskare.
Wani ɗan zobe ya hau juyawa a kan fuskarta,
yana juyawa, yana juyawa,
ita ba ta sauke ba,
ni kuwa ba a ba ni izini ba.

Haka muka tsaya, ni da baƙuwa,
zalɓe biyu a bakin rafin da babu shi.

Na ji motocin riɗi suna nishi a hanyar Kasala.
Na ji kurciya a kan dalbejiya.
Na ji numfashina yana shiga yana fita,
baƙon da ya kwana gidana shekara hamsin da takwas
ban taɓa tambayarsa gajiya ba.
Na tuna kakata, wadda ta tako daga Haɗeja
da ƙafa biyu da ƙwarya ɗaya, niyyarta Makka,
shekara bakwai tana tafe, ta yada zango nan.
Ga jikarta yau
tana koyon tsayawa wuri guda.

Daga nan ƙafa ta yi rawa.
Na cafki igiyar shanya,
zannuwa huɗu suka rufto min a ka.
A ƙarƙashinsu Tahani ta same ni,
ina dariya har da hawaye,
matar kuwa ta farfaɗo tana cewa, "Madalla, sauke a hankali."

Har yau ban kai ga yatsun ba.
Mun tsaya a ƙwauri, ana ta aike.
Amma ranar Juma'a, da na yi ruku'u,
bayana ya kwanta shimfiɗe, bai yi min gardama ba,
har na ƙara tasbihi biyu don daɗi.

Da asuba kuma, tsakanin kisira da kisira,
nakan miƙe in kai hannu sama.
Masu dako suna layi da kuɗinsu,
ɗaya ya ce, "Inna, me kike ɗaukowa?"
Na ce, jira tukuna,
ta kusa nuna.